Tokar Gwajin Aji Shida

Da safiyar Laraba, mai gadi ya tarar da tokar a bayan ɗakin janareto. Takardun gwajin lissafi na aji shida ne aka ƙone ƙurmus, har wutar ta lashi bangon da ake jingina jarkokin mai. Shi ya sa Madam Rosemary, mai wannan makarantar kuɗi ta bayan tashar Jabi, ta kira 'yan sanda.

Sufeto Halimat ta fara da kabad ɗin ofis da aka ajiye takardun. Ba a ɓalle shi ba. Na sauran azuzuwa suna nan yadda aka ɗaure su.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Malama Zuhra," in ji Madam. "Sabuwa ce, ita ta kawo mana wannan gwajin. Na riga na gaya mata, gobe ta bar min makaranta."

Mai gadi ya fita daga zargi nan take, don ko ƙofar ofis ba ya iya buɗewa. Madam kuwa ba za ta cinna wuta kusa da man janaretonta ba.

Malama Zuhra tana zaune a ofis, ido ya yi jawur.

"Wane irin gwaji ne?" Sufeto ta tambaye ta.

"Gwajin gano inda yaro ya maƙale ne, ranki ya daɗe. Ba a ci, ba a faɗuwa. Farkon shekara ake yi, a ga abin da suka zo da shi."

"Kin duba takardun?"

"Na leƙa kaɗan. Wata tambaya, kusan duk amsa ɗaya suka ba ta, kuma kuskure ce. Na ma faɗa wa Mista Bartholomew, tunda shi ya riƙe su bara."

Mista Bartholomew shi ne babban malamin lissafi, mutum mai ƙiba da agogo mai walƙiya. Tun kafin a tambaye shi ya fara zuba.

"Ofisa, yarinyan nan bai san aiki ba. Ta ga yara sun faɗi, tsoro ya kama ta, shi ke nan. Ni tun farko na ce wannan tes ba amfani."

"Kafin ta zo, wa ke riƙe da makullin kabad?"

"Ni ne. Amma nawa ya ɓata tuntuni."

Sufeto ta juya ga Madam da Malama Zuhra. Ta daɗe tana wannan aiki, kuma ta tsani mai saurin nuna mata ɓarawo. Ta ce duk su biyo ta aji shida.

Ta ɗauki alli ta rubuta a allo: rabi a tara da ɗaya bisa uku. Ta ce kowa ya rubuta amsa ya ɗaga. Hannuwa suka tashi, daga gaba har baya, kowa ya rubuta biyu bisa biyar. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Abin tausayi, har murmushi suke yi, sun tabbata sun burge baƙuwa.

Ta tsaya kan wata yarinya a layin gaba, mai suna Angelina.

"Wa ya koya miki haka?"

"Onkul Wisdom ne, ma."

Madam ta yamutsa fuska. "Ba ni da malami Wisdom."

"Shi ne malaminmu na bara," yara suka ce baki ɗaya.

Sufeto ta nuna Mista Bartholomew. "Wannan fa?"

"Ogan Onkul Wisdom ne," in ji Angelina. "Yana zuwa ran da za a ba da sakamako."

Madam ta juya ta kalli Mista Bartholomew. Gumi ya karyo wa mutumin har kwalar riga.

A ofis Sufeto ta warware zancen. Bara aji biyar yana wani ginin haya a tsallaken titi, Madam ba ta cika leƙawa ba. Gwajin nan kuwa aikin bara yake aunawa, don haka malamar da ta zo bana ba ta da abin tsoro a cikinsa. Wanda ya ƙone takardun ya san wane ƙunshi zai ɗauka, yana da makulli, kuma ya ji cewa amsar yaran ɗaya ce.

"Ka yi lissafin idan an kori Malama Zuhra, gwajin ya mutu tare da ita," ta ce. "Ka manta kuskuren ba a takarda ya tsaya ba, yana kan yaran. Wane ne Wisdom?"

"Ƙanin matana ne," ya ce da ƙyar. "Ina da shagon siminti a Dei-Dei. Ba wanda zan bari a shago."

"Amma ka sami wanda za ka bari a aji. Ya gama sakandare?"

Ya girgiza kai. Ɗan sandan da ke rakiyarta ya tasa shi gaba zuwa mota.

Madam ta riƙo hannun Zuhra tana ba ta haƙuri, ta ce aikinta na nan, ta je gida ta huta. Zuhra ta ce a'a, lokacin darasinta ya yi.

Da ta shiga aji ba wanda ya motsa. Sun ga an tafi da Oga, sun kuma gane ba daidai suka yi ba. Angelina ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, duk abin da muka koya bara ba daidai ba ne?"

Zuhra ta ji zuciyarta ta karye. Ta so ta yi musu ƙarya, ta kasa.

"Ban sani ba tukuna," ta ce. "Ku ciro takarda, mu sake gwajin daga farko."