Jan Tabo a Fom Ɗin Litinin

Ranar da ya fara shigowa ɗakin atisaye rungume da kwamfuta kamar an ba shi ajiyar jariri, kallo ɗaya Guguwa ta yi masa ta taɓe baki. Ta saba ganin irinsa. Duk shekara sai an turo wani mai lafiyayyun ƙafafu ya zo ya koya wa masu tseren keken guragu yadda za su zauna da jikinsu.

Shi wannan manhaja ya kawo. Kowace Litinin waya za ta tambayi ɗan wasa ko ya ji rauni ko rashin lafiya, amsar ta tafi kwamfutarsa, in ya ga abin tsoro ya sanar da likitan ƙungiya.

"Karanto mini tambayar farko," in ji Guguwa.

"Daga sifili zuwa goma, yaya zafin ciwon da kike ji?"

"Sifili. Tun ina 'yar shekara tara mota ta karya mini baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa ko garwashi ka ɗora mini, sifili zan ce maka. Wane mai basirar ne ya tsara wannan, Malam Fom?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, sunan kuma ya bi shi daga ranar. Ta jira ya yi murmushin tausayin nan da ta tsana. Maimakon haka sai ya ja benci ya zauna, idonsa daidai da nata.

"Ni ne mai basirar," ya ce. "To me ya kamata in tambaya?"

Ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Cikin gatse ta fara lissafa masa: zufar da ke karyowa ba dalili, ciwon kai farat ɗaya, launin fitsari, da uwa uba jan tabo a mazauni wanda ba ya washewa in an danna shi, domin daga nan gyambon yawan zama ke farawa. Ya rubuta duka, bai tsallake ko ɗaya ba.

Daga gyaran tambayoyi aka koma saƙonnin da babu su a manhaja.

"Guguwata, fom ya ce kina lafiya. Ni dai ban yarda ba sai na gani da idona."

"Malam Fom, wannan binciken naka ya fara wuce gona da iri. Ka zo bayan la'asar."

Ta kamu, ta kuma san ta kamu, abin har haushi yake ba ta. Wata bakwai ana haka ya kai maganar gida.

Hajiyarsa ta ce ba da ita ba. Da bakinsa ya faɗa wa Guguwa, domin bai iya ɓoye-ɓoye ba: wai wa zai yi wa wani hidima a gidan? Gwaggonsa kuwa har ta fara aiko 'yarta da kwanon abinci, yarinyar da ba ta da wata bajinta a duniya sai iya tsayuwa da ƙafa. Guguwa ta ce a gaishe su.

Saura sati uku gasar zaɓen waɗanda za su wakilci ƙungiya, ta ɗaga madubi da safe kamar kullum, sai ga jan tabo. Ta danna, bai washe ba. Koci ya sha gaya musu cewa mai son tafiya gasa ya danna "lafiya lau" ya rufe bakinsa, domin shi dai a ciyo masa kofin gasa, ko gawa ce ta ɗauko masa. Amma tambayar jan tabon da ke fom ɗin tata ce, ita ta tsara ta. Kunyar yi wa kanta ƙarya ta sa ta danna gaskiya, tana turawa kuma ta yi da-na-sani.

Ta sami Malam Fom a ofis.

"Ka goge."

"Ba zan iya ba, Guguwata."

"Shekara huɗu nake jiran tseren nan. Sati uku kawai nake roƙo."

"Ke kika koya mini abin da tabon nan ke zama a sati uku."

A ranar likita ya cire sunanta, ya ce sati shida za ta yi rub da ciki, ba zama. Kwana biyu bayan haka wata abokiyar wasanta ta kawo mata gulma, wai an ji Gwaggo na cewa amaryar da ake so a kawo musu ma a kwance take. Shi ke nan, Guguwa ta gama lissafinta: ya kwashi sirrin jikinta ya kai gida, an samu hujjar da ake nema.

"Ashe kai ma irinsu ne," ta rubuta masa. "Ka je ka auri mai kwano. Kada ka sake nemana."

Ya kira har ya gaji. Ta yi kuka a matashin kai, ta kuma ji haushin kanta da take kukan.

A sati na biyar Ummanta ta leƙo ta ce ta yi baƙuwa. Wata dattijuwa ce ta shigo tana ƙare wa ɗakin kallo sama da ƙasa, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Ke ce kika ce ba kya son ɗana?"

"Ina wuni, Hajiya. Na ɗauka abin da kike so ke nan."

"Ni in hana shi daban, ke ki ƙi shi daban. Me ya rasa? Yaro ya rame kamar kazar mayu. Kocinku ya ce ya goge abin da kika rubuta ko ya bar musu aiki, ya tattara kwamfutarsa ya fito. Ni kuma da na haife shi, tambayar duniya na yi masa me ke damunki, wai amana ce. Ni zai kalla ya ce wa amana."

Guguwa ta ɗago kai daga matashi.

"Bai gaya miki ba? To Gwaggo fa?"

"Wannan uwar surutun? Direban motar ƙungiyarku ta tsare ya ce kin daina zuwa atisaye, ta ƙara gishirinta." Hajiya ta gyara mayafi. "To ke gaya mini, me ke damun naki?"

Guguwa ta gaya mata, tiryan-tiryan, har da madubin da yadda ake dannawa. Hajiya ta kalli kofunan gasar da ke jere a kan kabad.

"Ke da kanki kika tona, alhali kin san za a cire ki?"

"Ni da kaina."

"Taurin kanku ɗaya," in ji Hajiya, ta miƙe. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ko ƙofar gida ba ta kai ba Guguwa ta jawo waya.

"Malam Fom ɗina, na zalunce ka. In har yanzu kana so, ka turo magabatanka wurin Abba."

Amsar ba ta yi minti ɗaya ba: "Suna neman hulunansu."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, ta warke sumul ta koma atisaye, shi kuma likita ya tsaya masa aka mayar da shi aikinsa. Gwaggo ta aiko cewa ba ta jin daɗi, ba wanda ya tambayi me ya same ta.

Ranar da ango ya kai amarya gaishe da Hajiya, Guguwa ta shirya wa wulaƙancin a ɗaga ta a ƙofa kamar buhu, domin ya taɓa ce mata matakala uku ce a gidan. Da suka iso babu matakala ko ɗaya. An fasa su, an zuba gangaren siminti, ko gama bushewa bai yi ba.

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, fuskar nan a ɗaure.

"Gwiwata ce ke ciwo, kada ki ɗauka don ke aka yi," ta ce. Sai ta matsa gefe ta ba ta hanya. "Shigo, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Guguwa ta murza tayoyinta ta shige da kanta.