Kwamfutar Da Ta Yi Rajista Ba Kowa A Kujera

Inna Adawiyya ba ta tsaya a kantar 'yan sanda ba. Kai tsaye ta faɗa ofishin Sufeto Maitama a Malumfashi.

"Buhun taki goma sha biyu na ƙungiyar matan Ƙarfi, an kwashe jiya da rana tsaka! Masara ta yi ja, yau ya kamata mu zuba. Mati mai gadi ne ya kwashe, na mare shi gaban jama'a. Ku rufe shi!"

"Wa ke da makullin sito, Hajiya?"

"Shi da jikana Ubaidullahi, akawunmu. Shi kam bar shi, da awakina na yi masa boko."

Sufeto da kofur ɗinsa suka bi ta zuwa ofishin ƙungiyar, suka tarar da su biyun. Mati ya ce ƙarfe biyu ya tafi jana'iza, ya dawo huɗu. Mutum shida suka shaide shi.

Ubaidullahi ya yi murmushi. "Yallaɓai, biyu zuwa huɗu ina ofis, ina shigar da sunayen manoma. Duba kwamfuta."

Sufeto ya duba. Baƙin allo ne mai jefo tambaya, sai an danna amsa ya jefo ta gaba: suna, gari, yawan buhu. Mutum ɗari shida, kowanne da lokacinsa.

"Kowace amsa daƙiƙa huɗu cif. Awa biyu ba ka yi tari ba, ba ka sha ruwa ba?"

"Hannuna ya saba."

Sufeto ya gangara ƙasa cikin jerin sunayen, ya tsaya.

"Karanta min nan. Me aka tambaya?"

"Gari."

"Me ka amsa?"

Sufeto ya ɗora yatsa a kan allon.

"Ka amsa 'Rabi Isah'. Da aka tambayi buhu, ka ce 'Ƙarfi'. Na kira hedikwatarku, sun ce ƙarfe uku suka ƙara sabuwar tambaya a farko, lambar waya. Tun daga nan amsoshinka suka goce, har mutum ɗari uku. Mai ido a kan allo zai gani tun na farko. Wa ke kan kujerar nan?"

Ubaidullahi ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa. Jerin umarni na rubuta, yana danna amsoshin a madadina. Na kunna shi na kulle ofis. Takin na kai wa wani dillali a Funtuwa."

"Yallaɓai, ban gane turancinku ba," in ji Inna. "Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"Kaka, ki yafe..."

"Rufe min baki! Matan nan saboda ni suka ba ka makulli. Da wane ido zan shiga Ƙarfi?"

Kofur ya sa masa ankwa. Sufeto ya ce a tura mota Funtuwa kafin takin ya bar shago.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Muryarta ta yi ƙasa.

"Yallaɓai, don Allah ku bi da shi ta bayan gari. Uwarsa na tuyar ƙosai a bakin titi."