Wa Ya Hau Babur ɗin Tela?

Auta na tsakar gida tana goge rigar Baba, sai ga shi ya shigo, ko sallamar bai ƙarasa ba.

"An fasa auren nan."

Saura kaɗan dutsen guga ya cinye rigar.

"Telan naki yana hannun 'yan sanda," in ji Baba. "Babur ɗinsa ya kaɗe maigadin makaranta da rana tsaka, ƙafa ta karye. Waɗanda suka gani sun ce mahayin tangaɗi yake, ya yar da babur ya arce da hular kwano a ka. Ni ba zan haɗa zuri'a da mashayi ba."

"Baba, mutumin da ko lemo mai gas ba ya sha?"

"An tambaye shi wa ya hau, ya ja bakinsa ya tsuke. Mai gaskiya yana haka?"

Auta ta fashe da kuka, amma ido ɗaya yana kan Yaya. Mutumin da ko kaji ke faɗa sai ya yanke musu hukunci, yau ga shi a lungu shiru, da riga mai dogon hannu cikin wannan zafi.

Washegari ta je ofishin 'yan sanda, aka fito mata da Tela bayan kanta.

"Wa ka ba aron babur?"

"Auta, bar maganar nan."

"Yaya ne?"

Ya sunkuyar da kai. "In kira sunan yayan matar da zan aura a gaban hukuma? Da wane ido zan kalli Mama?"

Tana dawowa ta tsare Yaya a ƙofar ɗaki. "Naɗe hannun rigarka in gani."

"Ke likita ce? Sanyi nake ji."

Mama ta taso. "A kan saurayi za ki ɗaure ɗan'uwanki?"

Nan Auta ta gane Mama ma ta sani. Ta haɗiye maganar, ta koma kai wa Tela abinci kullum, ƙawaye na zunɗenta a hanya.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo. Gidanta na kallon kotu, don haka take ɗaukar kanta rabin lauya. Mama ta ja ta ɗaki, suka daɗe suna ƙus-ƙus, sannan ta fito tana dariya, ta dubi Yaya.

"Wannan ne ya hana ku barci? Ai wanda ya bugu ba a kama shi da laifi, shi da mahaukaci ɗaya suke. Je ka ce kai ne, amma ba ka cikin hayyacinka. Duk ku biyun za a sallama."

"Anya, Gwaggo?" in ji Auta.

"Ke, tun ba a haife ki ba nake ganin alƙalai suna wucewa."

Yaya ya fesa turare, suka ɗunguma. A gaban Sufeto ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, ni na hau. Amma fa a buge nake."

Sufeto ya ɗago. "Wani ne ya ɗura maka? Ko an zuba maka a lemo ba ka sani ba?"

"Wa ya isa ya ɗura min? Da hannuna na buɗe kwalbar maganin tarin nan."

"Madalla. Da yaudararka aka yi, da akwai abin dubawa. Amma wanda ya sha da son ransa, abin da ya aikata nasa ne. Cire bel da takalmi."

Yaya ya waiga neman Gwaggo. Ashe ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da aka saki Tela, Baba da kansa ya je shagonsa, ya tsaya tsakanin kekunan ɗinki yana neman kalmar ban haƙuri. Tela ya durƙusa ya hana shi ƙarasawa. Aka ɗaura aure, maigadi ma ya zo da sandarsa. Mama ta daɗe ba ta sakar wa Auta fuska ba, sai da ta ji surukin ne ke zuwa duba Yaya a gidan yari duk mako.

To 'yan'uwa, haƙurin Auta bai faɗi ƙasa ba. Kai kuma mai sha, ka sani: ranar shari'a ba kwalbar ake kira ba, wanda ya buɗe ta ake kira.