Tashar da Ke Son Shiru

Magariba ta kawo jiki, uwar gidan ta zagaya bayan ɗaki kwashe shanya tana mita ita kaɗai. Kayan duk a kan katanga suke, don maigidan ya kwance mata igiya, ya ja wayar tagulla a wurin, daga rufin ɗaki har cikin kangon da ke bayansu, wai eriya. Tela ne, amma tun da ya sayo wata tsohuwar rediyo a gwanjo, keken ɗinki ya koma wurin ajiye batura. Kullum rana ta faɗi sai ya duƙufa farautar tashoshin nesa a matsakaicin zango, waɗanda ko yarensu ba ya ji.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kashe-kashen. Wai kayan wuta ne ke cika rediyo da shuu. Sai a kashe fanka, a kashe firij, a zare cajar waya, a zauna cikin duhu da zufa kamar gidan makoki.

"Maigida, yau kam a bar mana fanka," ta ce daga bakin ƙofa. "Auta na kwance, ƙirjinta a toshe tun rana."

"Yanzu zan gama. Na kamo wata sabuwa, can ƙarshen allura, inda babu lamba."

"Da ka kamo ta, soyawa za mu yi ko dafawa?"

Ya miƙe ya sauke babban makunnin wutar gidan. Fanka ta yi juyinta na ƙarshe. Ta yi tsaki, ta tsaya riƙe da kaya, tana sauraron numfashin Auta daga ɗaki na kusa, yana fita da ɗan fito.

Rediyon ta yi shuu, ta yi ƙus-ƙus, sai ta washe. Wani wari ya cika ɗakin, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Sannan murya ta fito, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, kuma da Hausa tsantsa.

"Akwai sauran ƙara."

Maigidan ya tashi kamar wanda aka ja da zare. Ya sauko da agogon bango, ya cire masa batir.

"Maigida," ta ce a hankali, "wa ke magana?"

"Shhh. Ba su taɓa fitowa haka ba."

Muryar ta matso, har tana jin sanyinta a wuya.

"Saura ɗaya."

Ya juya kansa wajen ɗakin Auta. Idonsa a buɗe, amma babu kowa a ciki. Yatsunsa suka koma kan mamurɗin rediyon, yana juyawa sannu-sannu.

Fiton numfashin ya ragu.

Ya ƙara murɗawa. Fiton ya ƙara raguwa.

Ta kasa kunne. Ba ta ji komai.

Kayan suka zube daga hannunta. Ta yi waje tana tuntuɓe, ta laluba bango, ta banka makunnin sama da hannu biyu. Fitilu suka kama, firij ya yi gurnani, fanka ta tashi. Ta fizgo murafen tukunya biyu ta shiga gwara su, tana salati iya ƙarfinta, tana kiran 'yarta.

Rediyon ta yi wata irin ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ta mutu.

Can sai tari. Tari mai ƙarfi, da kuka a bayansa.

"Mama, kin cika mana kunne."

Ta ruga ɗakin Auta, ta durƙushe a bakin gado, ta rungume yarinyar, jikin nan sanyi ƙalau kamar an tsamo ta daga randa.

Da gari ya waye maigidan ya kwance wayar da hannunsa, ya kai rediyon inda bai faɗa wa kowa ba. Ya koma kan kekensa, sai dai kunnensa na hagu bai sake ji ba.

Tun daga ranar ba a kashe fanka a gidan, ko da sanyi ake. In kuwa aka ɗauke wuta da magariba, maƙwabta sun riga sun san abin da za su ji, sun yi ƙorafi har sun gaji. Ita ce a tsakar gida tana gwara murafe, maigidan a gefenta yana dukan bokiti da muciya, kuma ya fi ta ƙarfin hannu.