Ina Jin Nauyinki

Ranar da Saifullahi ya fara ganin Ummulhairi, tsawa ta daka masa.

Daga Ikara ya zo wata makarantar 'yan mata a Makarfi, ɗauke da akwatin katako da agogo, don binciken karatunsa. Yarinya mai ƙiba za ta yi ta hawa akwatin tana sauka har minti uku, sannan a ƙirga bugun zuciyarta a ga saurin komawarsa daidai. Shugabar makarantar kuwa sai ta tsaya gaban ɗalibai duka ta ce, "Duk wata buhun masara ta fito." Aka kwashe da dariya. Haka muke, mu tozarta yarinya mu ce raha ce.

"Malam, bincike ka zo yi ko cin mutunci?" in ji Ummulhairi, malamar lissafi, ita ma mai jiki ce sosai.

Ya ba ta haƙuri, suka mayar da gwajin cikin aji a rufe. Da yake bai dace ya riƙe hannun 'yan mata ba, ita ce ke dafa wuyan hannunsu tana ƙirgawa, shi yana rubutawa. Hussaina 'yar Gubuci, wadda ta fi kowa ƙiba, ita ta fi kowa saurin dawowa daidai, don kullum tana daka tana jan ruwa.

"Kin gani? Sikeli bai san zuciya ba," in ji shi.

"Kai ka sani?" ta ce, tana murmushi.

Bayan wata biyu ya turo mata saƙo: "Hairina, wallahi ina jin nauyinki, shi ya sa na kasa faɗa a gabanki. Ki yarda in turo magabatana."

Ta amsa: "Ka turo, Saifina."

Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, ta ce sam. "Wannan sai an rushe ƙofar ɗaki kafin ta shiga. Ga Sadiya 'yar ƙanena kamar an zana ta."

Sadiyar ce ta ɗauki wayarsa a caji ta kwafe saƙon. A wani taron suna a Kudan ta karanta wa mata, ta naɗi shewarsu, ta tura wa Ummulhairi tare da cewa, "Ko shi ya ce yana jin nauyinki. Da biyu ya rubuta, ƙatuwar banza."

Ummulhairi ta sake karanta saƙon Saifullahi sau goma, kalmar ta juye mata. Ta daina ɗaga kiransa, ta daina cin abinci sai shayin rage ƙiba. Kwana tara, ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo.

Da Saifullahi ya ji abin da Sadiya ta yi, ya je ya same ta a gadon asibiti, leɓɓanta sun bushe.

"Wane nauyin kake ji, Saifullahi?"

"Irin wanda nake ji in na shiga gaban mahaifina. Hairina, ke kika tsaya wa yaran nan, ke kuma za ki kashe kanki don shewar Sadiya?"

Ta juya masa baya tana kuka, amma ta karɓi kunun da ya kawo.

Mahaifinsa, Malam Sama'ila, da ya ji labarin, ya ce, "Ɗiyar mutane ba za ta mutu saboda bakin mutanen gidana ba." Ranar Juma'a aka ɗaura aure a Makarfi.

Wurin buɗar kai, Hajiya Kulu ta dafa kan amarya ta ce, "Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah kuma ya sa gadon ya ɗauka."

Mata suka fara ƙunshe dariya. Ummulhairi ta ɗaga mayafinta, ta dubi surukarta ido cikin ido.

"Amin, Hajiya, duka biyun."

Ta jawo kwanon shinkafa gabanta, ta yi bisimilla.