Mafarkin Inna da Aka Kwashe

"Mafarkin uwata ka sayar, Yaya Lawandi."

"Uwarka kai kaɗai? Gwaggona ce, kuma da hannunta ta dangwala," Lawandi ya ce wa Tasi'u, idonsa na kan allo. "Fim ya yi kasuwa, kai kana ɗaure min fuska."

A Kanon wannan zamani an daina ɗaukar 'yan wasa a finafinan ban tsoro. Hular waya ake kafa wa mai barci, ana kiranta Makutsa. Darakta ya sa tasa, ya shiga mafarkin, ya ɗauko abin ɗanyensa. Mafita ɗaya ce, a kan al'ada aka gina ta: sai mai barcin ya firgita, ya yi tofi ta hagu sau uku ya juya kwanciya, sannan ƙofa ta buɗe.

Shekara tara Inna, uwar Tasi'u, tana mafarkin ranar da ambaliya ta tafi da 'yarta Ladiyo. Mummuna ne, amma nan kaɗai take ganin fuskarta. Ba wanda ya gaya mata cewa abin da Makutsa ta kwasa ba ya dawowa.

Lawandi ne darakta, Tasi'u ne mai saita na'urar. Sati biyu bai ƙara tayar da maganar ba.

"Akwai saura a cikin kan Inna," ya ce wata safiya. "Ya fi na farko."

Lawandi ya yi dariya. "Yanzu ka zama ɗan gari."

Ita kuwa Inna, Tasi'u ce mata ya yi za a maido mata da Ladiyo. Bayan azahar ta kishingiɗa da hular. Lawandi ya shiga.

Allon ya yi fari fat. Babu ƙasa, babu sama. Lawandi ya yi ta gudu yana kira. Inna na barcinta lafiya lau, babu abin da ya rage da zai firgita ta. Da la'asar ta farka, ta yi salati. Lawandi na kwance, ido buɗe, numfashi kawai. Haka aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Kwana uku bayan nan Inna na tsince shinkafa a tsakar gida.

"Tasi'u, ka ce za ta dawo. Duk sanda na rufe ido wani nake hangowa can nesa, yana kuka, yana kiran sunanka. Ba tsoro yake ba ni ba, tausayi."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Ta ajiye faifan.

"Wa ka sa min a wurin 'yata?"