Allon Furar Naja'atu

"Wannan ai rubutun marowata ne," in ji Gwaggo Hajjo, tana jujjuya gorar fura mai sabon tambari. "Harafi tsirara, ba kunne ba jela. Wanda ya yi wa harafi rowar ado, matarsa zai yi wa?"

Naja'atu ta sunkuyar da kai. To, ku matso ku ji: Gwaggo ɗanta Badaruddeen take wa kamu. Shi ma ya taɓa zana wa yarinyar allo a bakin titin Kabo, haruffa sun nannaɗe kamar yaɗon kabewa, har wata ta tsaya tambayar ko nan ake ƙunshi.

Shi kuwa Mahbub, wanda ya yi sabon tambarin, a shagonsa na buga takardu a Gwarzo suka haɗu da Naja'atu, ranar da ta je neman tambarin furar da take sayarwa. Ya nuna mata haruffa a kwamfuta, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, O zagayayye kamar faifai, sauran a miƙe kamar karan dawa.

"Wanda ke gudu a babur ma zai karanta," ya ce.

Ita dai, Allah na tuba, ba kwamfutar take kallo ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta: "Najata, yau wuni na yi ina rubuta sunanki wai gwaji nake. Ƙarya ce, daɗin gani yake min."

Ta amsa: "Malam mai haruffa, ka kai gwajin gaban Baba."

Baban kuwa, Malam Hammadu, ya ƙi. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya fi kusa.

Ana cikin wannan faɗan na Gwaggo sai ga Malam Hammadu ya yi sallama, bakinsa har kunne.

"Hajjo, daga Gwarzo nake a bayan babur, na mance tabarau a gida. Tun daga nesa na hango sabon allon da yaron nan Mahbub ya yi wa Naja'atu. Da idon nan nawa da kika sani na karanta sunan 'yata. Sai da na sa mai babur ya juya muka sake wucewa."

"Yaya, allon Badar fa?"

"Kullum ina wuce shi, ban taɓa sanin sunanta ne a ciki ba." Ya dubi Naja'atu. "Ki ce wa yaron ya turo magabatansa. Bayan girbi a ɗaura. Allah ya yi muku albarka, ya ba da zaman lafiya."

Naja'atu ta rufe fuska da mayafi, amin ɗinta a ciki ya tsaya.

Gwaggo ta miƙe. "Katin bikin ma da wannan tsiraran rubutun za a buga?"

"Da shi," in ji Malam Hammadu. "Ke ma ai idon naki ya fara rauni."

Gwaggo ta dire gorar, ta figi takalmanta a hannu, ta fice ta bugo ƙofa.